Fulogi Na Uku

Shekara talatin da ɗoriya tana kwance
bayan tsohon gareji a Ƙofar Guga,
tayoyinta sun nutse, ƙasa ta haɗiye su.
Tumfafiya ta fasa gindin bodi,
ta ɓullo ta inda direba ke ajiye ƙafa,
ta yi fure a gaban sitiyari kamar ita ke da lasin.
Akuyar Indo mai ƙosai ta haihu sau biyar a ƙarƙashinta.
Rina ta kafa gari a lagireto.

Ran da 'yan gwangwan suka zo da sikeli da guduma,
suna zagaya ta kamar mahauta sun ga sa,
wani abu ya tokare mini ƙirji.
Na sayar da babur ɗina.
Maiɗakina ba ta ce mini uffan ba sai da Juma'a biyu ta wuce.

Kowane noti sai da na jiƙa shi da kananzir,
ina lallashi kamar mai cire wa yaro ƙaya.
Wani ya saki, wani ya karye,
wani ya tafi da farcen babban yatsana.
Kafireto kuwa sai Kaduna,
a ƙasan tulin ƙarfe, wurin wani dattijo
da ya dube ni ya ce, “Kai, matattu kake tayarwa?”

Na kankare tsatsa, sai ga kore.
Na kankare koren, sai ga lamba.
Can ƙarƙashin kujera, an zana da bakin wuƙa:
Mati. Audu Zuru. Yohana.

Mati ɗaya na sani da ya taɓa sa kaki,
Kofur na Rafindaɗi,
wanda ido ya tafi ya bar masa kunne.

Ran tayarwa jikansa ya jawo shi da sanda.
Na ɗaura batir, na yi bisimilla, na murɗa.
Ta yi tari.
Ta sake tari, kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana,
ta tofar da baƙin hayaƙi a fuskar Sada yarona,
sannan ta kama.
Unguwa ta ɗauki ihu. Kaji suka watse.
Indo ta bar ƙosai ya ƙone.

Kofur bai yi ihu ba.
Ya karkata kai, ya saurara, ya saurara,
ya ce, “Fulogi na uku yana fashi.
Tun a Makurɗi halinta ke nan.”

Na duba. Haka ne.

Sai ya ce, “Kashe ta, yaro.”
Na ce, “Baba, ba ta yi ba ne?”
Ya ce, “Ta yi. Shi ya sa.
In tana ruri, ina jin su a baya
suna gardama a kan karan sigari ɗaya.”

Na riga na sayi fenti, na yanko ƙarfe,
zan toshe wata 'yar huda a ƙofar dama.
Ya bi bodin da tafin hannu, a hankali,
kamar mai shafa bayan doki,
har yatsansa ya faɗa cikinta.
Ya daɗe a nan.
Ya ce, “Bar wannan.
Ta nan Yohana ya fita.”

Yanzu taki take kaiwa gonakin Ɓatagarawa,
ta dawo da albasa da buhunan gero.
Yara na sara mata in ta wuce,
ita ko tana tafe tana ƙorafi a kowane gangare.

Da hantsi, in na juya gabas ta koma dama,
rana kan shigo ta hudar nan,
ɗigon haske bai fi kwabo ba,
ya sauka a gwiwata,
ya zauna tare da ni har kasuwa.

Fulogin kuwa, na sayo sabo tun bara.
Yana nan a aljihu.